Kafintan da Ya Koma Baya da Ƙafa

An yi wani magidanci a wani gari, kafinta ne. Yana da mata mai suna Afiniki, da ɗa guda ɗaya mai suna Haggai. Yana kuma da tsohuwar akori-kura wadda yake ɗaukar katako da ita.

Rediyon motar nan irin na dā ne, babu wurin jona igiya, babu wurin sa kati, tashoshi kawai yake kamawa. Amma kafintan yana da wata tsohuwar wayar hannu wadda take iya aika abin da ke cikinta zuwa rediyo ta iska, kamar ita ma 'yar ƙaramar tasha ce. Yadda ake yi, za ka murɗa rediyo ka nemi wata lamba a FM inda babu kowace tasha, inda shuuu kawai ake ji. Sai ka sa wannan lambar a waya. Shi ke nan, waƙar da ke cikin waya sai ta fito ta lasifikar mota. Saboda wannan ne ya ƙi rabuwa da wayar, ko da yake fuskarta ta tsage, bayanta kuma da roba aka ɗaure shi.

Tun Haggai yana goye uban ya sa a ransa cewa fasto zai zama. Da ya girma aka kai shi makarantar Littafi Mai Tsarki. Ya yi shekara ɗaya, ya ce ba kiransa ba ne, ya fito ya shiga tuƙin tasi. Ranar da uban ya ji labari, an tashi daga sujada ke nan, a bakin ƙofar majami'a, a gaban dattawa da 'yan mata da kowa da kowa, ya ce masa, “Na shuka fasto, na girbe ɗan tasha.” Mutane suka yi dariya. Haggai ya juya ya tafi. Da yamma ya kwashe kayansa ya koma wata unguwa. Shekara uku ke nan, in sun haɗu sai “ina kwana” da “lafiya”, kowa ya kama gabansa.

To, kafintan yana da uwa, tsohuwa, wadda ta yi shekara arba'in tana ba da waƙa a Zumuntar Mata ta majami'a. Ita ta yaye Haggai, tana kiransa maigidanta, irin wasan kaka da jika. Da ciwo ya kwantar da ita, muryarta ta ragu amma waƙa ba ta bar bakinta ba, ɗanta kuwa yakan zauna a bakin gado ya ɗauki waƙoƙin a cikin wayarsa. Wata rana ta ce masa, “In za ku mai da ni ƙauye, kada ku kai ni shiru kamar buhun masara. Ku bar ni in raka kaina da waƙa.”

A tsakiyar damina ta rasu. Kafintan da kansa ya yi akwatin, bai bar ko ƙusa ɗaya ga yaran shago ba. Aka sa ranar Asabar, aka aika wa mutanen ƙauye cewa ƙarfe biyu za a binne.

Ranar da safe sai ga Haggai da tasinsa. Bai shiga wajen maza ba, ya zagaya ya sami uwarsa a kicin.

Ya ce, “Mama, don Kaka na zo. Zan ɗauki su Goggo. Amma ki sani, in Baba ya sake wulaƙanta ni a gaban mutane, a wurin zan juya, kuma ba za ku sake ganina a gidan nan ba.”

Afiniki ta ce, “Haba ɗana, yau ma?”

Ya ce, “Yau ma, Mama.”

Aka ɗora akwatin a bayan akori-kura, aka rufe da tamfol, wan kafintan da wasu maza uku suka zauna kusa da shi. Afiniki ta shiga gaba tare da mijinta. Goggo Damaris, ƙanwar kafintan, da mata uku na Zumunta suka shiga tasi. Kafin a tashi, kafintan ya leƙa tagar tasin, bai dubi ɗansa ba, ya faɗi lambar da za a sa a rediyo domin su ma su ji muryar tsohuwa.

Haggai ya murɗa, sai ga muryar Kaka ta cika mota. Matan suka fashe da kuka. Sai Haggai ya ce, “Baba, abin nan ba ya kai nisa. In ka ba ni rata fiye da taku goma, ba za mu ji ba. Kuma ni rabona da ƙauyen nan tun ina yaro, ban san hanya ba.”

Uban ya ce, “Kai za ka koya mini wayata? Ka dai biyo ni.”

A kan kwalta, in sun matso muryar ta fito, in wata mota ta shiga tsakani ta ɓace, Haggai ya sake matsowa. Da suka sauka hanyar ƙasa sai tafiya ta zama a hankali, ramuka da taɓo, tasi tana manne da akori-kura. Nan ne abin ya yi kyau. Tsohuwa tana bayarwa a motoci biyu lokaci ɗaya, mata suna amsawa a baya, maza suna amsawa a gefen akwatin, manoma a gonaki suna ɗaga kai suna cire hula.

Sai hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin. Gab da ƙauyen akwai rafi wanda babu gada, in an yi ruwa mai yawa yakan cika, mota ba ta ƙetarewa sai ya janye. Wan kafintan ya bubbuga rufin mota ya ce, “Ka taka, kada rafi ya riga mu!” Kafintan ya taka. Akori-kura tana da tsayi, ta saba da irin wannan hanya. Tasi kuwa cikinta a ƙasa yake, ga mata huɗu, kowane rami sai an lallaɓa.

Ruwa ya sauko. Afiniki tana ta waiwaye, ta ce, “Baban Haggai, sun yi nisa fa. Ba na jin suna jin waƙar nan.”

Sai ya miƙa hannu ya ƙara ƙarar rediyo.

Aka jima ta ce, “Baban Haggai, ko fitilarsu ba na gani.”

Ya sake ƙarawa, har ƙarshe, har ƙofar mota tana karkarwa. Shi a ganinsa, tunda ƙara ta ninku, ai dole ta kai can baya. Afiniki ta toshe kunne tana magana, shi ba ya ji, idonsa yana kan hanya, hankalinsa yana kan rafi da mutanen da ke jira a bakin kabari.

A cikin tasi kuwa, muryar Kaka ta fara yankewa, ta dawo, ta sake yankewa, sa'an nan ta tafi gaba ɗaya. Sai shuuu. Can kuma wata babbar tasha ta birni ta riƙa kutsowa, kiɗan rawa da tallan sabulu, ta zo ta tafi. Haggai ya danna hon, ya kunna fitila, akori-kura ta sha kwana a cikin dawa ta ɓace. Ya duba waya, babu sabis.

Jim kaɗan suka iso mararraba. Hanya ɗaya ta yi hagu, ɗaya ta yi dama, ruwa ya shafe sawun taya. A ta dama akwai allo mai nuna cewa ita ke fita kwalta zuwa birni. Ta hagun kuma nan gaba kaɗan ta sake rabuwa biyu. Goggo Damaris ta ce ita tun da aka yi mata aure a mota ake kawo ta, barci take yi, ba ta taɓa lura ba.

Haggai ya tsaya. Ya ce, “Kun gani ko? Na gaya masa. Da bakina na gaya masa ban san hanya ba. Da gangan ya yi, don a ce ɗan tasha ko kabarin kakarsa bai iya zuwa ba.”

Goggo ta ce, “Kai rufe mana baki. Ubanka haka yake tun yana yaro, in ya sa kai gaba ko wandonsa ya faɗi ba ya waiwaye. Ba da kai yake ba.”

“Da ni yake, Goggo. In kuna so in sauke ku a kwalta ku nemi wata mota. Ni na gama.”

Ɗaya daga cikin matan ta ce, “To ka kashe mana wannan abu mana, kamar ana suyar ƙosai a cikin kunnena. Ko ka sa mana wata tasha.”

Haggai ya kai hannu kan rediyon. Hannun ya tsaya a wurin. Bai kashe ba, bai kuma murɗa ba. Ya kifa kai a kan sitiyari, injin yana aiki, hancin mota yana duban dama.

A can gaba, akori-kura ta iso bakin rafi. Ruwan bai kai gwiwa ba tukuna, ana iya wucewa. Nan ne Afiniki ta miƙa hannu da kanta ta rage rediyon, abin da ba ta taɓa yi ba a motar mijinta. Ta ce, “Baban Haggai, in ka ƙetare rafin nan ba tare da yaron nan ba, mutum biyu za mu binne yau. Ya gaya mini da safe.” Ta faɗa masa abin da ɗan ya ce a kicin.

Kafintan ya dubi madubi, babu kowa sai ruwa. Ya sa giyar baya. Wansa ya diro daga bayan mota ya tare shi ya ce, “Me kake yi? A gidanmu ba a juyawa da gawa baya, ka sani. In ta kama hanyar gida, ta kama ke nan. Ka wuce, su same mu.”

Kafintan ya ce, “Yaya, ba su san hanya ba.”

“In ka tsaya, rafi zai cika.”

“Na sani.”

Ya kashe mota. Ya ɗauki wayar, waƙa tana ci gaba a cikinta, ya sa ta a leda ya ƙulle, ya cusa a aljihun gaban riga. Ya ce, “Inna ba za ta koma baya ba. Ni ne zan koma.” Ya kama hanya da ƙafa, a cikin ruwa, mutum mai shekara sittin da ciwon gwiwa. Taɓo ya cire masa takalmi ɗaya, ya tsaya ya lalube bai samu ba, ya ci gaba da ɗaya.

A mararraba, Haggai ya ɗaga kai ya sa giya. Gilashi duk ya yi hazo, ba a ganin komai a waje. Sai shuuu ɗin nan ya fara canzawa. Wani abu kamar tari ya fito daga lasifika. Goggo ta ce, “Tsaya!” Tarin ya sake fitowa, sa'an nan murya, can ƙasa-ƙasa, tana ƙara fitowa sarai. Wurin da tsohuwa ta tsaya da waƙa ne, tana magana da ɗanta a bakin gado, ba ta san waya tana ɗauka ba. Tana cewa, “Ina maigidana direba? Kwana biyu ban gan shi ba. Ka ce masa amaryarsa tana fushi, ya zo ya kai ni yawo a motarsa.” Ta yi 'yar dariya, ta koma waƙa.

Haggai ya goge gilashi da hannun riga. Ga ubansa tsaye a gaban mota, ruwa yana zuba daga gemunsa, laka har gwiwa, ƙafa ɗaya babu takalmi, hannunsa dafe da aljihu.

Haggai ya sauke gilashi ya ce, “Baba.”

Uban ya ce, “Ba ka canza lamba ba.”

“Ban canza ba.”

Sa'an nan uban ya ce, “Na yi gudu. Ka gaya mini, ban ji ba.” Ya share fuska. “Saƙon nan da ka ji, sau uku na ɗauki waya in kira ka, kunya ta hana ni. Laifina ne, ba naka ba. Da na bakin majami'a ma.”

Goggo Damaris ta ce, “To ku biyun za ku tsaya kuna kallon juna ne har mu yi tsiro a nan? Kai buɗe wa ubanka ƙofa, ba ka ga yana rawar sanyi ba?”

Matar da ke gaba ta koma baya aka matsu. Kafintan ya shiga ya zauna kusa da ɗansa. Tun da Haggai ya fara tuƙi, ranar ce ta farko da ubansa ya shiga motarsa. Uban ya ce, “Hagu, sa'an nan hagu kuma. Bi a hankali, kai ka san motarka.”

Da suka iso, rafi ya cika. Sai da suka jira awa uku kafin ya janye ya dawo daidai ƙugu, mota dai ba ta iya shiga. Mutanen ƙauye suka gaji da jira, wasu suka koma gida, wasu suka yi gunaguni cewa 'yan birni ba su san darajar lokaci ba. Wan kafintan bai yi masa magana ba sai washegari. A kafaɗa aka ƙetare da akwatin, mutum shida, uba a gaba, ɗa a bayansa a gefe ɗaya. Rana tana gab da faɗuwa aka binne tsohuwa. Haggai ya kwana uku a ƙauyen, a ɗaki ɗaya da ubansa.

Yanzu bari in buɗe mana abin da misalin nan yake nufi, mu iyaye musamman.

Kafintan nan mu ne. Kada kowa ya ce mugun mutum ne, ba mugu ba ne. Abin kirki ne a cikin wayarsa, kuma da gaske yana so ɗansa ya ji. Gudun da ya yi ma yana da dalili, ga rafi, ga jama'a suna jira. Haka muke. Abin da muke so mu ba 'ya'yanmu, wato tsoron Allah da bangaskiyar da iyayenmu suka bar mana, abu ne mai kyau. Amma muna gudu. Kasuwa, gona, taron kwamiti, gwajin waƙa, gaisuwar rasuwa, da tsoron abin da mutane za su ce. Kullum akwai wani rafi a gabanmu. Kafin mu waiwaya, yaro ya yi nisa.

In kuma muka lura ba ya ji, me muke yi? Mu ƙara murya. Mu yi faɗa da safe, mu yi da rana, mu kai ƙara wurin fasto, mu sa sunansa a addu'a da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji. Ni ma ina yi, ba zan ɓoye ba, tsoro ne yake sa mu. Amma 'yan'uwana, ƙarar nan a cikin motarmu kawai take tsayawa. Mu take kurmantarwa, har ba ma jin wanda ke kusa da mu yana cewa a tsaya. Shi yaron can baya, shuuu kawai yake ji. Kuma manyan tashoshin duniya ba sa barci, suna da ƙarfi, suna kai ko'ina, har cikin ɗakinsa, har cikin aljihunsa. Muryar uwa da ta uba ba haka aka yi ta ba. Ƙarama ce. Sai a kusa take aiki.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne, Ubangiji da kansa bai tsaya a sama yana ɗaga mana murya ba, ko da yake shi yana da muryar da za ta iya tsaga duwatsu. Da ya ga mun tsaya a mararraba mun rasa hanya, saukowa ya yi. Ya taka ƙasar nan da ƙafa, ya ji yunwa, ya sha zagi, ya zo har inda muke. Shi ba shi da laifi ma ya zo. To mu da muke da namu rabon laifin, me zai hana mu?

Akwai hasara a ciki, kada in ruɗe ku. Kafintan ya rasa lokacin da aka sa, ya sha gunaguni, wansa ya yi fushi. Ke ma uwa, in kika bar taro kika tafi neman ɗanki, za a yi magana. In kai uba ka ce wa ɗanka “na yi kuskure”, wani zai ce ka zubar da girma. A bar su su ce.

Ku kuma matasa da kuke zaune a baya, na san wasunku shuuu kawai kuke ji yanzu, a gida da majami'a duka. Kuna addu'a kamar babu mai amsawa, kuna ganin an wuce an bar ku da gangan. Ina roƙonku, kada ku yi saurin murɗawa. Sau da yawa ba ƙi ba ne, tsoro ne da rashin sani irin namu na manya. Ku ɗan ƙara jira. Wataƙila wani yana hanya, tafiyar ce ta yi masa wuya.

Ba zan yi alkawari cewa kowace uwa za ta tarar da ɗanta yana jira ba. Akwai mata a cikinmu da suka koma suka tarar mararraba babu kowa, na san su, ku ma kun san su, kada mu bar su su yi kuka su kaɗai. Wannan yana hannun Allah, shi ya san hanyoyin da mu ba mu sani ba. Amma kada ya zama yaro ya jira, ya jira, mu ne ba mu zo ba.

Saboda haka ga aikin wannan mako. Kowa ya san wanda ya yi nisa a gidansa, ba sai na faɗa ba. Ke uwa, kada ki aika a kira shi. Ki tashi ki je inda yake, ko gareji ne, ko tasha, ko ɗakin haya, ko ɗakin da ke cikin gidanki wanda kullum ƙofarsa take rufe. Kada ki tafi da wa'azi. In ya tambaye ki me ya kawo ki, ki ce babu komai, kin zo ganinsa ne. Ki tambaye shi ko ya ci abinci. Sa'an nan ki nemi wuri ki zauna, ki yi shiru, ki bar shi ya fara magana.